Waiwaye: yadda masu zanen barkwanci suka sa alƙalan Ingila a gaba

Wasu gani suke zana manya ana musu dariya abin zamanin soshiyal midiya ne, alhali tun zamanin sarakunan Ingila huɗu masu suna George, 1714 zuwa 1830, ake wannan tsiyar a Landan. Dokar lokacin kuwa babu sauƙi, laifukan da ake rataye mutum a kansu sai da suka haura 200, ka ɗauki kayan sule biyar a kanti ma igiya ce, ranar rataya a Tyburn, filin da ake rataye masu laifi a Landan, kuma kamar ranar kasuwa har da masu talla.

William Hogarth a 1758 ya zana alƙalai zaune kan shari'a wasu na ta gyangyaɗi. James Gillray shi kuma a 1782 ya dira kan alƙali Francis Buller, da aka yi ta yaɗa cewa wai ya ce miji na iya dukan matarsa in dai sandar ba ta fi babban yatsa kauri ba, sai ya zana shi rungume da damin sanduna yana tallarsu.

Amma ni wanda ya fi tsaya min a rai na George Cruikshank ne. Daga 1797 Bankin Ingila ya daina ba da zinari ya koma buga takardun fam ɗaya da fam biyu, bugun ba inganci, jabu ta cika gari, kuma yawanci talakan da aka samu da ita a hannu shi ke kwana a ciki. Cruikshank ya ce wucewa ya zo yi ta gidan yarin Newgate ya ga gawarwaki na reto, har da mata, saboda jabun fam ɗaya. A 1819 sai ga tashi takardar kuɗin ta fito, mutane jere a rataye a tsakiya, alamar fam ɗin da igiya aka nannaɗe ta, wurin sa hannun jami'in banki kuma sunan Jack Ketch ne, tsohon haunin Landan.

Da ya tsufa ya riƙa bugun ƙirji wai zanensa ne ya kawo ƙarshen abin, to amma sai 1832 majalisa ta cire kisa daga yawancin laifukan jabu. Shi ɗin ma dai ba waliyyi ba ne, a 1820 fam 100 ya karɓa daga fada kan ya daina zana Sarki George na huɗu cikin harkar baɗala.