Ban Ruwa a Noman Furen Kirisantimam

Kirisantimam, wanda masana tsirrai ke kira Chrysanthemum morifolium, fure ne ɗan asalin ƙasar Sin. A yau ana nomansa don kasuwa a Holand, Kolombiya, Japan da Indiya, wani a yanka shi da kararsa, wani a sayar da shi cikin tukunya. Saiwarsa sirara ce kuma ba ta nitsa ƙasa sosai, shi ya sa ba ya jure ƙishi, ba ya kuma son ruwa ya kwanta masa. Gwanintar manomi tana ga sauya salon ban ruwa yayin da shukar ke girma.

Ba da iri ake yaɗa shi a gonar kasuwa ba, reshe ake yankowa a kafa. Kamar mako 2 ana yi wa reshen feshi mai laushi kamar raɓa har ya fitar da saiwa. Bayan dashe sai a riƙa yayyafa ruwa daga sama, domin ya jiƙa fili baki ɗaya. Idan ƙishi ya kama shukar a wannan lokaci, kara kan gajarce ya yi tauri, ganyen ƙasa ya bushe. Wannan asara ce da ba ta gyaruwa, tunda tsawon kara na cikin abin da mai saye ke dubawa.

Da ganye ya rufe fili, musamman in toho ya fara nuna launi, ruwan da ake yayyafawa daga sama ya zama haɗari. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ne masaukin cutar farar tsatsa, Puccinia horiana, wadda ke fitowa kamar ƙuraje farare a bayan ganye. Funfunar Botrytis kuwa furen take ɓatawa da ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ƙasa. Don haka ake komawa ga siraran bututu masu ɗiga ruwa a gindi, kuma da safe ake bayarwa don komai ya tsane kafin dare. Na tukunya akan cika teburinsu da ruwa na ɗan lokaci, su sha ta ƙasa, sannan a janye.

Yawan ruwa ma cuta ne: yana korar iska daga ƙasa, ƙwayar cutar Pythium ta ruɓar da saiwa. Abin da ke ruɗar sabon manomi shi ne irin wannan shuka kan yi yaushi tamkar mai jin ƙishi, sai ya ƙara mata ruwa. Gara a tona gindi a duba. Lafiyayyar saiwa fara ce, ruɓaɓɓiya kuwa ta yi duhu, tana saɓulewa a yatsa.

Galibi a cikin ruwan ake narka taki. Gishirinsa kan taru a ƙasa ya ƙona bakin ganye, sai a kwarara ruwa zalla lokaci-lokaci ya wanke shi.