Mene ne Selenofurotin, Kuma Me Ya Haɗa Shi da Naɗin Furotin?

Selenofurotin shi ne furotin da sinadarin seleniyam ke cikin ginin jikinsa. Kowane furotin jerin amino asid ne, kuma guda 20 aka saba ji. Akwai na 21, selenosistin, wanda kamarsu ɗaya da sistin, ɗaya daga cikin 20 ɗin, sai dai inda sistin ke ɗauke da farar wuta, shi seleniyam ne a wurin. Ƙirgar da aka wallafa a 2003 ta nuna ƙwayoyin gado 25 ne ke samar da irin wannan furotin a jikin ɗan Adam.

Shigar da selenosistin cikin jeri ba ƙaramin aiki ba ne. Alamarsa a saƙon gado, wato umarnin da ake bi wajen ƙera furotin, ita ce UGA, wadda galibi ma'anarta "tsaya nan". Sai idan akwai wani lanƙwasasshen sashe mai suna SECIS a wutsiyar saƙon ne ake karanta UGA a matsayin selenosistin. In seleniyam ya yi ƙaranci, sai a tsaya ɗin, furotin ya fito guntu, a rushe shi. Jiki yana shan wannan wahala ne saboda dalili: a yanayin ruwan jiki, selenosistin a shirye yake ya bayar ko ya karɓi elektoron, ya fi sistin saurin aiki nesa ba kusa ba.

To ina batun naɗi? Sabon furotin dogon zare ne kawai, ba ya aiki sai ya naɗu daidai, kamar rawani: yadi ɗaya ne, amma in naɗin ya karkace ba zai zauna ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin ƙwayar halitta yana bi ta wani sashe, endofilazmik retikulam, inda ake naɗe shi, a maƙala masa sukari, a ɗaure sistin biyu-biyu da gadar farar wuta. Selenofurotin bakwai ne ke zaune a nan: SELENOF, K, M, N, S, T da DIO2.

SELENOF ya fi kowa kusa da aikin. Yana manne da wani inzayim, UGGT, mai duba furotin da aka gama naɗewa. Idan UGGT ya tarar naɗin bai yi ba, sai ya ƙara masa gulukos guda ɗaya, wannan gulukos ɗin ya mayar da shi hannun kalneksin da kalretikulin, furotin masu taya naɗi, su sake gwadawa. Siffar SELENOF ta dangin tiyoredoksin ce, masu kwance gadar farar wuta da sake ɗaure ta. Ɓerayen da aka cire musu SELENOF suna yin yanar ido tun suna ƙanana.

Ba kowane furotin ne ke gyaruwa ba. Wanda ya ƙi, dole a fitar da shi kafin ya taru ya dunƙule. Nan SELENOS da SELENOK ke shigowa: suna zaune a fatar sashen, suna haɗa kai da wasu furotin, Derlin da p97, wajen jawo ɓataccen furotin waje, inda injin niƙa mai suna furotiyasom zai daddatsa shi. In fitarwar ta gaza, ƙwayar halitta takan rage ƙera sabon furotin, ta ƙara masu taya naɗi. Abin ya daɗe, ta kashe kanta.

SELENON kuwa kula yake da famfon SERCA mai shigar da kalsiyam cikin sashen, wanda masu taya naɗi ke buƙata. Lalacewar SELENON ta gado tana kawo ciwon tsoka mai sandarar da ƙashin baya da wahalar numfashi tun yarinta, kuma shan seleniyam ba ya warkar da shi, domin matsalar a ƙwayar gado take.

Babban mutum yana buƙatar maikirogiram 55 na seleniyam a rana. Kifi, ƙwai, nama da hanta suna bayarwa. Na hatsi ya danganta da ƙasar da aka noma shi. Ƙarancin seleniyam mai tsanani ne ya share fagen ciwon zuciya na Keshan a Sin. Amma da zarar selenofurotin sun ƙoshi, ƙari ba ya ƙara musu aiki. Hukumomin lafiya na Amurka sun sa iyaka a maikirogiram 400 a rana. Wanda ya dinga wuce ta da ƙwayoyin ƙarin sinadari zai ga zubar gashi, karyewar farata, da warin tafarnuwa a baki.