Waiwaye: Yadda uraniyom ɗin Arlit ke jefa Nijar cikin rigimar nukiliya

Kwaltar da ta tashi daga Tawa ta ratsa Agadez ta kai Arlit, don uraniyom aka shimfiɗa ta. Shekara da shekaru, har zuwa 2023, manyan motoci na gangarowa ta nan da ganguna cike da garin uraniyom mai ruwan ɗorawa, su nufi tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Garin nan ba bam ba ne. Ɓangarensa mai amfani bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5 kafin ya ba da lantarki a yawancin tashoshin nukiliya, kusan 90 kafin ya zama makami. Nijar ba ta da matatar da za ta yi wannan aiki. Duk da haka, da wuya manyan ƙasashe su yi cacar baki kan nukiliya ba a ambaci Yamai ba.

Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya an fara sa mata hannu a 1968, ta soma aiki a 1970. Ƙasashe biyar, Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa da Sin, aka bar su da makamansu bisa alƙawarin za su kwance ɗamara wata rana. Sauran kuwa suka yarda ba za su ƙera ba, kuma hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Biyana za ta riƙa duba su. Abin lura shi ne Faransa, wadda ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya a 1960, ba ta shiga yarjejeniyar ba sai 1992, alhali kamfanin SOMAIR na haƙar uraniyom a Arlit tun 1971. Shekara ashirin ke nan babbar mai sayen hajarmu tana waje, kuma ba wanda ya ƙaƙaba mata takunkumi.

Inda sunan Nijar ya fi shan wahala shi ne batun Iraƙi. Wasu takardu suka ɓulla a Italiya, wai gwamnatin Nijar ta amince ta sayar wa Saddam Hussein tan 500 na uraniyom. A Fabrairun 2002 hukumar leƙen asirin Amurka ta turo Joseph Wilson, tsohon jakada wanda ya taɓa aiki a Yamai. Ya gana da manya, ya koma ya ce maganar ba ta da tushe: kamfanonin haƙar suna hannun Faransa da abokan jarinta, kaya masu yawa haka ba za su sulale ba a sani ba. Ba a saurare shi ba. A Janairun 2003 Shugaba Bush ya tsaya gaban majalisa ya ce Saddam ya nemi uraniyom daga Afirka. Ranar 7 ga Maris, Mohamed ElBaradei, shugaban IAEA, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun jabu ne. Jabun ma na ragon maƙaryaci: ɗaya na ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, mutumin da ya bar kujerar tun 1989. Ba a yi mako biyu ba aka afka wa Iraƙi.

Yanzu Iran ce. Yarjejeniyar da ta ƙulla da manyan ƙasashe a 2015 ta ƙayyade mata tacewa a kashi 3.67, aka sassauta mata takunkumi. Trump ya fice a 2018, ita kuma ta haura zuwa kashi 60 a 2021. A Maris 2024 tawagar Amurka ƙarƙashin Molly Phee, jami'ar da ke kula da harkokin Afirka a lokacin, ta sauka Yamai, kuma daga baya Faraminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya ce an yi wa Nijar barazanar takunkumi muddin ta sayar wa Iran uraniyom, cinikin da ya ce ba a ƙulla ba. Kwanaki kaɗan bayan ziyarar, hukumomin soja suka soke yarjejeniyar tsaro da Amurka, sojojinta suka kwashe daga Agadez a cikin shekarar.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba laifin ɗan Nijar ba ne in ya ji zargin 2024 ya tuna 2003. Sai dai lissafin ya sauya. Tun da gwamnati ta ƙwace SOMAIR daga hannun kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2025, ita ce ke zaɓen mai saye, ita ce kuma za a tuhuma. A Satumban 2025 takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ya dawo kan Iran, don haka duk gangar da ta nufi can yanzu, da Kwamitin Sulhu za a yi shari'ar, ba da Washinton kaɗai ba.