Waiwaye: Yadda rigunan Zazzau suka kai Landan

Tun da Jamus ta sa hannu a 2022 kan mayar wa Nijeriya da tagullan Binin, ake ta muhawara a Samaru da cikin birnin Zariya: mu ina namu kayan, kuma in an dawo da su, wane ɗaki za a sa su? Ba yau tambayar ta fara ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1955 aka dawo da sashen zane-zane na tsohuwar kwalejin fasaha daga Ibadan zuwa Zariya. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suna neman a riƙa ɗebo zane daga al'adun gida. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne shekarun 1970. A lokacin wani malamin tarihin zane a jami'ar, David Heathcote, ya duƙufa kan ɗinkin Hausawa. Yana zama da maɗinka, yana nazarin aska takwas da aska biyu, yana tara riguna da huluna da kayan dukanci, har da takardun da masu zana riga ke fitar da fasali a kai. A 1976 aka baje kolin fasahar Hausawa a Landan, cikin bikin al'adun duniyar Musulmi, daga baya kuma tarin nasa ya shiga gidan tarihi na British Museum da ke Landan. Bindiga ce ta kwashe kayan Binin a 1897. Na Heathcote kuwa ciniki aka yi, mutum ya ga darajarsu ya adana.

To mu me muke yi a wannan lokacin? Kuɗin fetur sun shigo, siminti da kwano sun yi araha. Zauren da magini ya yi wa zayyana da hannu, ya shafe da makuba, sai a rushe a ɗora bulo. Rigar tsamiya da ake wata da watanni ana ɗinkawa, keke ya zo yana gama irinta cikin kwana kaɗan. Ta kaka kuma tana ƙasan adaka, asu na ci. A garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, abin da ciwo.

A ganina nan gizo ke saƙar. Mun ɗauki abin da aka zana a kan allo a jami'a a matsayin fasaha, na maɗinki da magini kuwa muka ce sana'a ce kawai, in ta tsufa a yar. Ga shi har yanzu akwai dattawan da ke zaune a zaure da allura a cikin birni, akwai kuma tsofaffin riguna a gidaje. Duk mai maganar gidan adana kayan fasaha a Zariya, ya fara da zuwa wurinsu da kyamara da littafin rubutu tun suna raye.