Ba bishiya ce ke haifar da sauro ba

A Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Rigasa, sau da yawa za ka ga maigida ya sare darbejiya ko mangwaron ƙofar gidansa, ya malale wurin da siminti, wai bishiya ce ke kawo sauro. Maganar ta daɗe a bakin mutane, amma ba haka abin yake ba.

Sauro a ruwa yake yin ƙwai: kududdufin damina, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, tsohuwar taya, kwatar da ta toshe. Cikin mako 1 zuwa 2 'ya'yan sun tashi. Gaskiya ne duhuwar ganye tana ba shi maɓoya da rana, amma maganin wannan rage rassa ne.

Abin da ke damuna shi ne zafin da muke jawo wa kanmu. Bishiya tana tare rana, ganyenta kuma yana fitar da danshin da ke sanyaya iska. Siminti kuwa wuni yake yana shan zafi, da dare ya sako shi cikin ɗakuna. Duk wanda ya zauna a lambun Gamji cikin watan Afrilu, sannan ya taka titin Ahmadu Bello da tsakar rana, jikinsa ya gaya masa bambancin.