Fitilun filin jirgin sama: me launukansu ke gaya wa matuƙi?

Me ya sa fitilun da ke ƙasa suke da launi daban-daban?

Da dare, ko ranar da hazo ya rufe gari, kwalta duk ɗaya ce a idon matuƙi. Launin fitila ne ke nuna masa ko yana kan titin tashi da sauka ko kan ƙananan hanyoyin da ke kai jirgi wurin ajiyewa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ce ta tsara launukan, shi ya sa matuƙin da ya taso daga Jidda zai tarar da tsarin da ya sani a Kano.

To, wane launi ne na ina?

Gefen titin tashi farare ne. Bakinsa kore, ƙarshensa ja. Inda akwai fitilun tsakiya, suna nan fari har sai saura mita 900, sai su koma fari da ja bi da bi, mita 300 na ƙarshe kuwa ja zalla. Ƙananan hanyoyin kuma shuɗi a gefe, kore a tsakiya.

Me ke hana jirgi faɗawa titin da wani ke sauka?

Nan ne hatsarin yake. Daf da mashigar titin akwai fitilu masu ruwan ɗorawa da ke ƙiftawa. A manyan filaye ana ƙara layin jajayen fitilu da ya gitta hanya. Muddin suna kunne, matuƙi ba zai tsallaka ba, ko da ya ji kamar hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta ba shi izini a rediyo. Sai an kashe su, koren ya kama a gabansa. A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi kowace, domin kunne na iya kuskure.

A tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, ranar 27 ga Maris 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Rashin fahimta a rediyo ne babban dalili, kuma fitilun tsakiyar titin ba sa aiki a ranar.

In wuta ta ɗauke fa?

Janareto na jira. Ga filayen da ake sauka cikin hazo mai kauri, ƙa'ida ita ce muhimman fitilu su dawo cikin daƙiƙa 1. Kowace fitila kuma tana da 'yar taransifomarta, don haka ƙonewar ƙwai ɗaya ba ta kashe sauran.