Jack London: shekarun neman zama marubuci

Jack London (1876–1916) marubucin Amurka ne da ya yi suna da labaran teku da na ƙasashen ƙanƙara. Kafin sunansa ya fito a bangon littafi, ya yi leburanci da sata a ruwa da gararamba, ya kwana a gidan yari, ya je haƙar zinariya ya dawo hannu rabbana. Waɗannan shekaru, daga wajen 1890 zuwa 1900, su ne suka ba shi kusan duk abin da ya rubuta daga baya.

Tasowarsa

An haife shi a San Francisco, jihar Kalifoniya, ranar 12 ga Janairu 1876. Mahaifiyarsa, Flora Wellman, ta auri John London yana jariri, shi ya sa ya tashi da sunan mijin uwarsa. Mutumin da ake kyautata zaton shi ne mahaifinsa, William Chaney, ya musanta hakan a wasiƙa lokacin da saurayin ya rubuta masa a 1897. Wadda ta shayar da shi, Virginia Prentiss, baƙar fata ce da aka haifa cikin bauta, kuma ta zame masa uwa ta biyu.

Gidansu babu wadata. Yana yaro ya sayar da jarida a titunan Oakland, birnin da ke kusa da San Francisco, bai kai shekara 16 ba ya shiga masana'antar abincin gwangwani, inda ake biyansa santi 10 a awa, wata rana ya yi awa 12, wata rana har 18. Mafakarsa ita ce ɗakin karatu na Oakland. Mai kula da wurin, Ina Coolbrith, wadda ita kanta marubuciyar waƙoƙi ce, ta lura da yaron, ta riƙa zaɓar masa littattafai. Har ya girma yana ambaton alherinta.

Da aikin gwangwani ya ishe shi, sai ya ranci dala 300 wajen Virginia Prentiss ya sayi ƙaramin jirgin ruwa, ya shiga satar kawa, wani abincin teku mai ɓawo, da dare a gaɓar San Francisco. Daga baya ya juya ya koma cikin 'yan sintirin da ke kama ɓarayin. A 1893 ya bi jirgin farauta mai suna Sophia Sutherland zuwa tekun Japan na tsawon wata 7. Da ya dawo, mahaifiyarsa ta matsa masa ya shiga gasar rubutu ta jaridar Morning Call. Ya ba da labarin guguwar da ta same su a teku, ya ci na ɗaya da dala 25, ya doke ɗaliban jami'a, yana ɗan shekara 17.

Gidan yari da shawarar da ya yanke

Cin gasa bai sa tukunya a wuta ba. Ya koma masana'antar buhu, sannan ya yi aikin zuba kwal a tashar lantarki, inda ya gano cewa aikin mutum biyu aka ɗora masa a kan albashin da bai kai na mutum ɗaya ba. A 1894 ya bi ayarin marasa aikin yi da suka nufi Washington don kai kuka, ya rabu da su a hanya, ya ci gaba da ɗare jiragen ƙasa a ɓoye. A Niagara Falls aka kama shi da laifin gararamba, aka ɗaure shi kwana 30 a gidan yarin gundumar Erie.

Abin da ya gani a can ya girgiza shi: mutanen da a da ƙarfafa ne kamarsa, aiki ya tsotse su, aka yar. Ya lissafa cewa mai sayar da ƙarfin damtse jarinsa raguwa yake kullum, mai sayar da ilimi kuwa nasa ƙaruwa yake. Daga nan ya ƙudura zai ci abinci da ƙwaƙwalwa. Ya kamata a lura da wannan, domin London bai taɓa ɓoye cewa rubutu a wurinsa sana'a ce ta tsira daga talauci ba. Zancen baiwa da wahayi bai dame shi sosai ba.

Ya koma makarantar sakandare yana ɗan shekara 19, ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu a 1896, ya duƙufa kan littattafan masana irin su Darwin da Spencer da Marx. A shekarar ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, amma zango ɗaya kawai ya yi, kuɗi suka ƙare. Sai ga shi a ɗakin wanki da guga na wata makarantar kwana, inda gajiya ba ta barinsa ya buɗe littafi.

Klondike da shekarar yunwa

A Yulin 1897 ya bi rububin zinariyar Klondike a arewacin Kanada. Ya yi hunturu cikin bukkar katako yana sauraron hirar mahaƙa, har rashin sinadarin bitamin C ya kumbura masa dasashi ya raunana ƙafafunsa. Ya dawo a 1898 da garin zinariya na dala 4 da rabi, ya tarar John London ya rasu, nauyin gida ya dawo kansa.

Wannan ne lokaci mafi tsanani. Ya yi hayar keken rubutu, ya riƙa aika labarai ga mujallu suna dawo masa da su. Ya jinginar da kekensa na hawa da agogonsa da rigar ruwansa don sayen kan sarki. Ya kwafi labaran marubucin Birtaniya Rudyard Kipling da hannu don ya gane yadda ake gina jimla. Mujallar Overland Monthly ta karɓi labarinsa na farko a kan dala 5, ita ma sai da ya bi ta bashi. Yana gab da haƙura sai mujallar The Black Cat ta biya shi dala 40 kan wani labarin, kuɗin da ya ce su suka cece shi. A farkon 1899 aka kira shi aikin gidan waya, albashi tabbatacce, ya ƙi zuwa. Ya ɗora wa kansa kalma 1,000 kowace rana, kuma bai saki wannan ƙa'ida ba har ƙarshen rayuwarsa.

A Janairun 1900 mujallar Atlantic Monthly ta buga labarinsa, a shekarar kuma littafinsa na farko, The Son of the Wolf, ya fito. The Call of the Wild na 1903 ya kai sunansa duniya, ko da yake ya sayar da haƙƙin littafin ga kamfanin Macmillan kan dala 2,000 kacal.

Martin Eden

Kuɗi sun zo, amma tambayar me ake rayuwa dominsa ba ta tafi ba. A 1909 ya fitar da Martin Eden, labarin ma'aikacin jirgin ruwa marar ilimi da ya koyar da kansa rubutu don ya cancanci 'yar masu kuɗi. Da ya shahara, waɗanda suka guje shi yana yunwa suka fara gayyatarsa cin abinci, alhali rubuce-rubucen da suke yabo su ne dai waɗanda ya riga ya rubuta tun yana fama. Ya rasa ɗanɗanon komai, ya jefa kansa teku. London ya ce ya rubuta littafin ne don sukar aƙidar kowa tasa ta fisshe shi, ya kuma yi ƙorafin cewa masu sharhi ba su gane ba. Masu karatu da yawa sun ɗauke shi labarin ƙarfafa gwiwa, kuma ba laifinsu ba ne kaɗai, don shafukan fafutuka sun fi na ƙarshe rai.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su a gonarsa da ke Glen Ellen, yana rubutu don biyan bashin gonar. Katafaren gidan da ya gina, Wolf House, ya ƙone a Agustan 1913 kafin ya tare. Ya fice daga jam'iyyar gurguzu a 1916, ya rasu ranar 22 ga Nuwamba na shekarar yana ɗan shekara 40, bayan fama da ciwon ƙoda.